Garin nano a cikin bayodizal: yana rage hayaƙi kuwa?

Ɗalibin Injiniya:
Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan B20 na man bini da zugu ce, wato kashi 20 bayodizal, 80 dizal, a injin gwaji mai silinda ɗaya. Wane garin nano (gari mai ƙwayoyin da ido ba ya gani, da ake zuba wa mai don rage hayaƙi) ya fi dacewa, nawa ake zubawa, kuma me ke sa shi kwanciya a gindin galan bayan kwana biyu?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Fara da siriyam oksayid. Yana riƙe oksijin ya sake shi lokacin ƙuna, sai kunkunniya ta ƙone a zafin da bai kai na da ba. Dabarar ta daɗe: Peugeot 607 ta shekarar 2000 ta zo da Eolys, ruwa mai siriyam da ake gauraya wa dizal, mai sauko da zafin ƙona kunkunniyar matatar salansa daga kusan digiri 600 zuwa 450. Gwada miligiram 25, 50 da 100 a lita. Ƙari a kan haka kauri yake ƙara wa man.

Kwanciyar kuwa, ƙwayoyin ne ke manne wa juna su yi nauyi. Dama da cokali ba ya raba su. Sa Span 80 kaɗan, wato sinadarin da ke hana ƙwayoyin mannewa, ka kaɗa a na'urar altirasonik, mai wargaza ƙwayoyi da girgizar sauti, minti 30 zuwa 60, kwalbar na cikin ruwan sanyi don kada man ya yi zafi. Ka busar da bayodizal ɗin tukuna. Ƙa'idar EN 14214, ta ingancin bayodizal a Turai, ba ta yarda ruwa ya wuce miligiram 500 a kilo ba, kuma ruwa na ƙara dunƙulewa.

Tsohon Bakanike:
Yaro, kada ka zuba shi a motar zamani. Nozul ɗinta ramukansa ba su wuce kaurin gashi biyu ba, famfon na matsa mai sama da bar 1,600 (ma'aunin matsi). Gari ya dunƙule, filta ce farkon toshewa. Alumina kuma, wani garin nano da ake zubawa, tauri gare shi, da shi ake yin sanfefa, zai ci famfo a hankali. Ƙarfe ba ya ƙonewa, toka yake zama, ta taru a matatar salansa.

Injiniya Mai Awo:
Awon ne wurin kuskure. B20 dama ya fi dizal shan mai kaɗan, don bayodizal na da makamashin kusan megajul 37 a kilo, dizal 43. Ka kwatanta da B20 marar gari, lodi ɗaya, zafin injin ɗaya, sau uku aƙalla. Da garin, baƙin hayaƙi da CO (iskar kabon monoksayid) sukan ragu, amma NOx (iskar oksayid na naitirojin) wani lokaci hawa yake, saboda ƙunar ta ƙara zafi. Sa takunkumi da safar hannu wajen auna garin, yana shiga huhu.