Farfaɗiya ce ko shanyewar ɓarin jiki? Waɗanda aka yi wa nasu hoton kai, ku zo mu ji

Mai shago, Zango: Salamu alaikum ƴan'uwa. Babanmu ya faɗi yana jijjiga bayan sallar asuba, da ya farfaɗo hannun dama ya saki, magana ba ta fita. Duk gida mun ce shanyewa ce. Aka yi masa sikana, wato hoton kai, likita ya ce babu zubar jini a ƙwaƙwalwa. Kafin la'asar hannun ya fara motsi, washegari yana cin tuwo da shi. Wa ya taɓa ganin haka?

Uwar biyu, Birni: Allah ya ƙara sauƙi. Namu akasin haka ne. Maigidana yana da farfaɗiya tun yana saurayi, da bakinsa ya karkace sai muka ce ai ciwonsa ne, muka shimfiɗa masa tabarma ya huta. Ashe hawan jini ne ya fasa jijiya. Hoto ya nuna jinin fari fat a gefen hagu. Har yau da sanda yake tafiya.

Ma'aikacin jinya, sashen gaggawa: Hajiya, sannu da haƙuri. Malam mai shago, naka ya yi kama da abin da ake kira shanyewar Todd, sunan likitan da ya bayyana ta a 1849. Bayan jijjiga, sashen ƙwaƙwalwar da ya sha wuya yakan gaji, hannu ko ƙafa su mutu na ƴan awoyi, wani lokaci har kwana 2, sannan su dawo. Da ido kaɗai ko mu ba ma iya rabewa a awar farko. Shi ya sa muke fara soka yatsa mu auna suga, don faɗuwar suga ma tana kawo wannan siffa, sai a wuce ɗakin hoto.

Amma ku riƙe wannan: sikana tana ganin zubar jini nan take, ita kuwa toshewar jijiya takan ɓoye mata a awannin farko. Hoto ya fito lafiya lau ba ya nufin an tsira. IRM, wato hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, ita ce ke kama toshewa da wuri. Akwai kuma sikanar da ake yi da allurar rini a ga yadda jini ke gudana: in toshewa ce, jini ya ragu a yankin jijiya guda, in farfaɗiya ce, yana iya ƙaruwa ko ya ragu, kuma bai bin iyakar jijiya.

Ɗan kabu-kabu, Garin Malam: Yaya, to me ya sa kuke damun mutane da "ƙarfe nawa ya fara?" Na kai wata tsohuwar maƙwabciyarmu, sai da aka titsiye ni da tambayar nan kamar ni na kayar da ita.

Ma'aikacin jinya: Ƙanena, allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi ake yinta, kuma sai hoto ya tabbatar babu zubar jini. Haka asfirin. Kada a ba mutum a gida, in jijiya ce ta fashe an ƙara masa ne. Kuma shanyewar da kanta tana iya tayar da jijjiga, biyun suna haɗuwa.

Malamar makaranta, Magarya: Mu na nesa da birni hanya ce ke cinye awannin. Ƙanwata ta yi jijjiga, aka cusa mata cokali a baki har haƙori ya karye, aka yi hayaƙi, aka jira mota. Abin da ya taimaka shi ne ɗana ya ɗauki bidiyon faɗuwar da waya. Likitan ya kalle shi kafin ma a yi hoton, ya ce jijjigar daga hannu ɗaya ta fara, shi ya sa ya nace a yi sikana. Aka ga tsohon tabo a ƙwaƙwalwa, na haɗarin babur da ta yi tana budurwa. Yanzu tana shan magani kullum.

Mai shago, Zango: Na gode. An ce mu koma da Baba a sake hoton. Malama, ku nawa kuka biya, kuma sai da azumi ake zuwa?