Musayar Waƙa: Zarton Sitokholm ko Gangar Tampa?

Mai Zarto:
Yaya, ajiye shayin nan ka saurara,
faifan death metal, kiɗan jita mai tsauri da gurnani, Left Hand Path na ƙungiyar Entombed na ɗora.
A sutudiyon Sunlight na Sitokholm aka tsara,
an naɗa a 1989, ya fito a 1990, Tomas Skogsberg ne a kan na'ura.
Fedal ɗin Boss HM-2, mai sauya sautin jita, shi ne sirrin ƙara,
maɓallansa huɗu, murɗe su ƙarshe, kar ka bar saura,
nan take jita ta koma zarto mai cin gora.

Yaya Ganga:
Ƙanena, zarton nan naka yana da lahani.
Sun sassauta tsirkiya har zuwa sautin B na ƙasa, ka sani,
in siririya ce sai ta saki, ta yi rauni,
tana dukan wuyan jita, sauti ya zama ɓarna a idon masani.
Sai ka ɗaura mai kauri. Ga huci kuma, ya fi na kububuwa a rani,
da ka ɗaga hannu fedal ya cika ɗaki da tsaki da gurnani.
Ni dai Tampa ta Fulorida, Morrisound sutudiyon gwani,
Altars of Madness, 1989, Morbid Angel ba su da na biyu a zamani.
Pete Sandoval da ƙafa biyu a kan ganga,
kowane bugu ka ji shi daban, ba ya nutsewa a hayaniya.

Anti Faifai:
Yara, kun fara gini daga tsakiya.
Seven Churches na Possessed, 1985, shi ya share hanya,
Scream Bloody Gore na Death, 1987, ya biyo baya,
Chuck Schuldiner da Chris Reifert suka ɗauki kaya.
Reifert ya kafa Autopsy, yana ganga yana gurnani lokaci ɗaya.

Mai Zarto:
Anti, mun rusuna. To Slowly We Rot fa na Obituary?
John Tardy wani wurin ba kalma, aman murya ne tsantsa,
daga ciki yake turo iska, mai matse maƙoshi shi ke dishewa.

Anti Faifai:
Ɗana, wannan Scott Burns ne ya naɗa.
Nemi bugun farko in kana son jin yadda aka haɗa,
sabon gyara kan matse sauti don ƙara ta daɗa,
sai kugen ganga ya yi ta tsaki, bugun ƙasa ya lafa.

Yaya Ganga:
Ka rage ƙarar rediyon tukuna, ƙanena, an kusa kiran La'asar.