Me za mu kira "faktoriyal" da Hausa?

1/ Jiya ina bita da ɗalibaina masu shirin gasar lissafi, na rubuta 100! a allo na ce su faɗa mini sifiri nawa ne a ƙarshen amsar. Wata yarinya ta ɗauka alamar motsin rai ce. Ba laifinta ba ne, "faktoriyal" ba ta gaya wa kunnen Bahaushe komai.

2/ Aikin dai shi ne: 5! na nufin 5×4×3×2×1, wato 120. Ka fara daga sama, kana ninkawa kana saukowa har ka dire kan 1. Shi ya sa na tsaya a kan "ninkin gangara". Wani abokin aiki ya kawo "ninkin tsani", amma tsani ana hawa ana sauka, gangara kuwa hanyarta ɗaya.

3/ Sai lambobi irin 2, 3, 5, 7, 11, waɗanda ba mai raba su sai 1 da su kansu. Don Allah kada a ce musu "mara". Mara abokiyar cika ce. 9 mara ce, amma 3 ta raba ta. 2 kuwa cika ce, ga ta a sahun gaba. Ni "gagara-rabo" nake so, a kan ƙirar gagara-badau da gagara-gasa.

4/ 2×2×2 kuma "biyu hawa uku", kamar bene.

5/ To, mu gwada. Kowane sifiri daga 2×5 yake fitowa. Biyu sun yi yawa a ninkin gangaran ɗari, hawa 97 ne, don haka biyar za mu ƙirga. 100÷5 ya ba da 20. Nan yara ke tsayawa su faɗi, sun manta 25, 50, 75 da 100 kowacce biyar biyu take goye da su. A ƙara 100÷25, wato 4. Sifiri 24.

6/ Dabarar Legendre ce, masanin Faransa, a 1808. A shekarar ne ma Christian Kramp, wani masanin lissafi, ya shigo da alamar nan ta !.

7/ Da na sake tambayar da kalmomin nan, yarinyar ta lissafa biyu hawa nawa ke cikin ninkin gangaran goma: 10÷2, 10÷4 da 10÷8 sun ba da 5, 2, 1 (ban da ragowa), jimla hawa 8. Ta raba 10!, wato 3,628,800, da biyu hawa 8, wato 256, ya tashi 14,175 cif.

8/ Abu ɗaya ke damuna: "rabo" na iya kai hankali ga sa'a. Malaman Hausa, "gagara-raba" ta fi zama a baki?