Ɗalibar sinadarai da binciken ajiyar wake: ɓata hanya ne ko ci gaba?

Baban 'Yan Mata:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jami'a. 'Yata tana shekara ta uku ta lisans a fannin ilmin sinadarai a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi, kuma ta ce idan ta gama tana so ta yi mastarta a kan ajiyar wake, tare da malaman aikin gona da masana ilmin ƙwari. Ni kuwa a sanina wanda ya karanta sinadarai wurinsa ɗakin gwaji ne, ko kamfanin magunguna, ko aji. Shin wannan haɗa fannoni abu ne da jami'o'i suka amince da shi, ko kuwa za ta ƙare ba ta tsuntsu ba ta tarko?

Ma'aikacin Gona Mai Ritaya:

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, domin abin da yarinyar ta zaɓa yana da tushe a nan garin. Ka dubi buhun PICS da ake sayarwa a kasuwa, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi, kuma cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Tarna tana cikin wuraren da aka gwada shi. Babu magani ko ɗigo a cikinsa. Idan aka ɗaure bakin kowace leda da kyau, ƙwarin da ke cikin waken su da kansu suke shanye iskar oksijin da ta rage, sai su daina ci, su daina haihuwa, daga bisani su mutu. Masanin ƙwari ya san rayuwar ƙwaron, amma auna yadda iskar take raguwa da sanin kaurin ledar da za ta tare ta aiki ne da ke buƙatar mai ilmin sinadarai, sannan sai masanin tattalin arziki ya lissafa ko kuɗin buhun zai fita a aljihun manomi.

Haka ma yaƙi da murzuna, wadda ke cinye zangarniyar gero tun tana gona. Ana kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, a saka shi cikin ƙananan buhuna tare da tsutsotsin da zai hayayyafa a kansu, a rataye a ƙauye lokacin da gero ya fid da kai. Na ga manoma suna leƙa buhun suna dariya, wai ƙwaro zai yi musu maganin ƙwaro, amma ba su sake dariyar ba a damina ta gaba.

Malamar Jami'a:

Ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, sai dai akwai ɓangaren da ya kamata Alhaji ya sani. Matsalolin ƙasa ba su san iyakar tsangaya ba, amma tsarin jami'a ya san ta sarai. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma hedikwatarta take Wagadugu, ita ce ke tantance ƙarin girman malaman jami'o'inmu, kuma kwamitocinta an raba su ne fanni-fanni. Saboda haka malamin da rubuce-rubucensa suka warwatsu tsakanin sinadarai da noma yana iya shan tambaya a kan inda ƙwarewarsa take. Wannan ne ya sa wasu malaman suke ɗari-ɗari da ɗalibin da ya zo daga wani sashe, ba don ƙiyayya ba.

Shawarata ita ce ta riƙe sinadarai a matsayin gidanta, ta ƙware sosai a awo da lissafi, domin abin da masu ilmin ƙwari ke nema a wurinta shi ne abin da su ba su iya ba. Kafin ta yi rajista kuma, ta nemi malami ɗaya daga kowane ɓangare, su amince a rubuce cewa za su duba kundinta tare, a kuma fayyace ɗakin gwajin da za ta yi aiki a ciki. Ɗaliban da suka bar wannan magana a baki su ne ke yawo da kwalaben samfuri daga ofis zuwa ofis har shekara ta ƙare.

Ɗan Tibiri:

Baba, mu a garinmu mun ga illar rashin wannan haɗin kai. Ruwan rijiyar burtsatse da aka sha shekaru da dama yana ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da kima, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 1.5 ne a lita guda. Haƙoran yara suka rine, ƙafafun wasu suka lanƙwashe. Likita yana ganin yaro, mai haƙar rijiya yana ganin dutse, ba a samu mai haɗa maganar biyu da wuri ba.

Baban 'Yan Mata:

Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Malama, saura tambaya ɗaya: takardar amincewar malaman biyu, ita ɗalibar ce za ta nema da kanta, ko shugaban sashe ne zai rubuta?