Wa aka tambaya a Zariya kafin a ƙara kuɗin wuta da na data?

Mai Ƙanƙara, Tudun Wada: Salamu alaikum mutanen zaure. Yau sai na fitar da abin da ke cina, wanda zai ji haushi ya ji. Katin wuta na naira dubu 10 da ke ba ni yunit sama da 100 a da, yanzu ko 50 ba ya kaiwa, tun da aka wayi gari a watan Afrilun 2024 aka ce 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, sun koma biyan naira 225 kowane yunit. Ban gama farfaɗowa ba, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarje wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin 100 a kan kira da data. Tambayata ɗaya ce: wa aka tambaya? Daga Ƙofar Doka har Samaru, wa ya taɓa jin an yi shela an ce ku zo ku faɗi ra'ayinku kafin a yanke farashi? A Abuja ake zama a gama komai, mu talakawa sai dai mu ji a rediyo. Kuma don Allah kada ku karanta ku wuce yadda kuka saba yi mini.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Alhaji, "mu talakawa" ka ce? Kai da wa?

Ɗan Samaru: Ni ma nan na tsaya. Mutum mai firiza jere a shago, yana shan wutar awa 20, yana kiran kansa talaka. To mu da ke ganin wuta da tsakar dare mu tashi mu yi guga, me sunanmu?

Mai Ƙanƙara: Ku amsa tambayata. Ba firizata na kawo muku ba.

Injiniya: Alhaji, da girmanka, bari a faɗi yadda abin yake. Rukuni biyar ne. Band A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ƙarin Afrilun 2024 Band A kaɗai ya shafa, kuma hukumar kula da lantarki ta NERC ta ce wajen kashi 15 cikin 100 ne na masu amfani da wuta. Daga baya ma an sauko da shi zuwa naira 206.80 a watan Mayu, kafin ya ɗan hau zuwa 209.50 a Yuli. Sauran rukunai gwamnati na ci gaba da biya musu tallafi. Saboda haka talaka na gaskiya wannan ƙarin bai taɓa shi ba.

Tela, Gyallesu: Injiniya, Allah ya ƙara ilimi, amma nan ka kauce. Ba a duba aljihun mutum kafin a sa shi a Band A. Layin da ke kawo wa unguwa wuta ake dubawa. In Allah ya sa layinku ɗaya da wani babban asibiti ko masana'anta ko gidajen manya, shi ke nan ka zama ɗan Band A ko da ɗaki ɗaya kake haya. Ni keke biyu gare ni a shago, da yaro ɗaya. Ranar da na sayi kati na ga yunit ya zube, ranar na san an canza mana rukuni. Ba takarda, ba saƙo. To ni mai kuɗi ne?

Ɗan Samaru: Kai talaka ne, mun yarda. Alhaji ne ba mu yarda ba.

Maman Ilham: Ni ban san A ban san E ba. Abin da na sani, mai injin niƙa ya ƙara kuɗi, mai cajin waya ya ƙara, ƙanƙarar da nake saya ina sa wa zoɓo da kunun aya ita ma ta tashi. Wanda ya ce ƙarin bai taɓa talaka ba, ba shi yake aiken yara niƙa ba.

Baban Khalifa: To Hajiya ai kin faɗa da bakinki. Wa ya ƙara miki kuɗin ƙanƙarar? Alhaji ne. An ƙara masa, ya juyo ya ɗora miki, ya zo nan yana kuka da sunan talaka.

Mai Ƙanƙara: Baban Khalifa, ka iya bakinka. Ubana leburan reluwe ne a Sabon Gari, ba gado na ci ba. Talaka shi ne wanda ba a shawara da shi, sai dai a yanke masa hukunci ya bi.

Malam na Ƙofar Gayan: A nan Alhaji yana da hujja. A tsarinmu na gargajiya akwai masu sarauta akwai talakawa. Attajiri ma in ba shi da rawani talakan sarki ne. Wanda kuke nufi sunansa matalauci ko fakiri.

Ɗan Samaru: Allah gafarta Malam, wannan zancen da ne. Yau in aka ce za a raba wa talakawa shinkafa, attajiri zai shiga layi?

Malam na Ƙofar Gayan: Ɗana, ka taɓa zuwa wajen rabon? Su ne a gaba.

Barista: Jama'a, an bar tambayar Alhaji a baya, ita ce kuwa mai muhimmanci. Doka ba ta bar waɗannan hukumomi su yi gaban kansu ba. NERC an kafa ta ne da dokar gyaran harkar lantarki ta 2005, yanzu kuma tana aiki da dokar lantarki ta 2023 wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar. NCC tana aiki da dokar sadarwa ta 2003, wadda ta ce kafin hukumar ta kafa sabuwar ƙa'ida sai ta buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a. A watan Yulin 2023 NERC ta fitar da sanarwa cewa kamfanonin rarraba wuta 11 sun nemi a sake duba farashi, ta ce mai magana ya aiko a rubuce. A takarda ke nan an tambaya. Amma da wane harshe? Da Turanci, a jarida da shafin intanet na hukumar, cike da lissafin canjin dala da farashin gas da hauhawar farashi. Wa zai karanta wa mai walda a Muciya wannan? Su wa ke amsawa? Kamfanoni da lauyoyinsu, ƙungiyar masu masana'antu, sai 'yan ƙungiyoyin kare masu saye da ke Legas da Abuja. Da za a karanta sanarwar da Hausa a rediyo, a zo ɗakin taro na ƙaramar hukuma a zauna da masu niƙa da teloli da masu ƙanƙara, da an ji abin da ba ya cikin lissafin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan duk wanda aka sa a Band A ba ya samun awa 20, yana da damar kai ƙorafi a rubuce ofishin kamfanin, in ba a warware ba ya wuce ofishin sauraron ƙorafi na NERC. Akwai layukan da aka sauke daga Band A saboda ba a cika musu awanninsu.

Ɗan Samaru: Barista, rubutun ya yi tsawo, data ta yi tsada. A taƙaice: Alhaji talaka ne ko ba talaka ba ne a doka?

Barista: Doka ba ta san wannan kalmar ba. Mai amfani da wuta ta sani.

Baban Khalifa: Kun ji ko? Doka ma ba ta yarda ba.

Barista: Ba haka na ce ba.

Na Malam: Duk wannan ya faru ne don babu namu a ma'aikatar sadarwa. Lokacin da Malam Pantami yake minista, da aka zo da harajin kashi 5 cikin 100 a kan kira da data a 2022, fitowa ya yi fili ya ce bai yarda ba, har aka dakatar da harajin. Yanzu fa? Kamfanoni sun nemi kashi 100, aka ba su 50, wai mu yi godiya.

Injiniya: Shugaban NCC na yanzu, Dakta Aminu Maida, ɗan ina ne? Ba ɗan Arewa ba ne? Kuma tun 2013 ba a taɓa farashin ba sai a 2025, alhali man dizal da ake zuba wa injinan turakun sabis ya ninka sau nawa? Kana son sabis mai kyau da farashin 2013?

Tela, Gyallesu: Na Malam, tunda ka kawo wannan, lokacin haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, wa aka tambaya? Mun kwana a layi ana tsakiyar korona. Da aka katse sabis a wasu sassan jihar nan a 2021, 'yan'uwanmu na Giwa da Birnin Gwari suna tafiya mai nisa kafin su buga waya, wa aka tambaya?

Na Malam: Wannan maganar tsaro ce. Kana so a yi shela a gaya wa 'yan bindiga ranar da za a katse? Kuma ka daina haɗa sunan malami da irin wannan magana.

Tela, Gyallesu: Kujerar minista nake magana a kai, ba mumbari ba.

Maman Ilham: To shi Kakakin Majalisa ba ɗan Zariya ba ne? Me ya sa ba a kai masa kukan ba?

Baban Khalifa: Hajiya, an kai, kuma ya yi. Majalisar wakilai ƙarƙashin Tajudeen Abbas ta nemi NERC ta dakatar da ƙarin tun a lokacin.

Ɗan Samaru: An dakatar ɗin? 'Yan ƙwadago ma sun rufe ofisoshin NERC da na kamfanonin wuta a watan Mayun 2024, me ya canza? Ihu bayan hari.

Baban Khalifa: Kai ba ruwanka da shi. Samaru ƙaramar hukumar Sabon Gari ce, mazaɓarku daban. Je ka tambayi naka wakilin.

Ɗan Samaru: In za a yi alfahari da jami'a, Samaru Zariya ce. In za a yi maganar wakilci, mun zama baƙi. Mun gode, mutanen cikin ganuwa.

Malam na Ƙofar Gayan: Kada a sako ganuwa a ciki. Mu ma cikin garin duhun muke kwana.

Injiniya: Ni dai abin da nake cewa, mu ma da laifinmu. Ministan lantarki Adelabu ya faɗa a lokacin cewa mutane na barin firiza a kunne dare da rana saboda wuta ta yi arha.

Mai Ƙanƙara: Shi da ya faɗa ya fito ya ba da haƙuri, kai kana nan kana maimaitawa. In na kashe firiza me zan sayar, ruwan ɗumi? A Oktoban 2024 da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu, Band A ɗin nawa awa nawa ya samu? Kayana duk sun narke. Wa ya biya ni?

Maman Ilham: Tunda ana maganar biya, kuɗin taransifoma da aka karɓa gida-gida a layinmu bara, ina suka shiga? An ce mana ma ba haƙƙinmu ba ne mu saya.

Barista: Gaskiya ne Hajiya. A ƙa'idar NERC, taransifoma da turaku da wayoyi nauyin kamfani ne, ba na unguwa ba.

Baban Khalifa: Hajiya, in da ni kike, ki fito fili. Ni na riƙe kuɗin, kuma rasit yana nan.

Maman Ilham: Ni ban kama suna ba. Amma tunda rasit yana nan, a ɗauko hotonsa a sa mana.

Baban Khalifa: Ba ni da data yanzu.

Ɗan Samaru: Ashe kai ne talakan.

Mai Ƙanƙara: Har yanzu ba wanda ya amsa mini. Wa aka tambaya?

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe wannan magana. Na karanta komai tun daga farko, ga abin da zaure ya tsaya a kai. Mafi yawan masu magana sun nuna cewa ɗan Band A ba ya cikin talakawa, kuma Injiniya ya kawo alƙaluma da ba wanda ya iya musantawa. Barista ya tabbatar mana cewa hukuma ta fitar da sanarwa tun 2023, saboda haka maganar ba a tambayi kowa ba ta faɗi, wanda bai karanta ba shi ya so. An kuma tabbatar cewa Mai Girma Kakaki ya yi iya bakin ƙoƙarinsa, muna yi masa fatan alheri. Ɗan Samaru, wannan ne gargaɗi na ƙarshe kan raba kan Zazzagawa. Alhaji, muna ba ka shawara ka duba sola. Maganar taransifoma kuma ba ta wannan zaure ba ce, Baban Khalifa yayana ne na san amanarsa, duk wanda ya sake tayar da ita zan cire shi.