Afdet ɗin Office yana rufe wa ma'aikata aiki suna tsaka da yi, oga yace in kashe gaba ɗaya, dan Allah ku bani shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu aikin IT a gidan nan ku taimaka min don wallahi tun jiya kaina ya ɗau zafi. Ni kaɗai ne ɗan IT a wajen aikinmu, wata biyar kenan da aka damƙa min, kwamfutoci 64 duk suna ƙarƙashin Intune, manhajar Microsoft da ake sarrafa kwamfutocin ma'aikata da ita daga nesa, wanda na gada shi ya haɗa komai kuma bai bar min ko takarda ɗaya ba ta yadda ya tsara abubuwan. Jiya ranar ƙarshen wata wajen sha ɗaya da rabi Hajiyar da ke sashen albashi tana tsaka da aiki a Excel, tace tana cikin shigar da alawus kawai taga shafin ya ɓace, ba tambaya ba gargaɗi, ta danna zata sake buɗewa sai ga ɗan akwati yana cewa ana sabunta Office a jira. Da ya gama ta buɗe fayil ɗin sai taga ya koma yadda ta same shi da safe. Na je na sameta ta dafe kai da hannu biyu, bata min faɗa ba, cewa kawai tayi ɗana yanzu daga ina zan fara, kuma wannan maganar tafi faɗa yi min ciwo.

Ba ita kaɗai ba, mutum shida suka kirani cikin awa ɗaya, har da wanda PowerPoint ya rufe masa yana gaban baƙi yana bayani. Yanzu oga yace shi baya son dogon turanci, in kashe afdet ɗin gaba ɗaya tunda da can ai lafiya muke. Ni zuciyata bata kwanta da hakan ba amma bansan me zan ce masa ba. In kashe ne ko akwai yadda ake yi?

Tsohon admin:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai jeka kan kwamfutar Hajiya yanzu, kar ka bari ta kwana biyu. Excel yana ajiye kwafin ceto duk bayan minti 10 in ba a canza setin ɗin ba, ka buɗe fayil ɗin ka shiga File sannan Info ka duba wajen Manage Workbook, in baka gani ba ka leƙa foldar Microsoft\Excel da ke cikin AppData\Roaming. Sau da yawa mutum cikin ruɗewa yake rufe gefen da Excel ke nuna masa abin da ya ceto, alhali aikin yana nan.

Sannan abin da ka faɗa bai yi min kama da afdet na yau da kullum ba. Shi wannan yana saukewa a ɓoye ya jira a rufe manhajojin, in ma an sa masa wa'adi to sai ya yi ta nuna sanarwa kafin ya tilasta. Rufewa farat ɗaya ba sallama yafi kama da an sake tura Office ɗin ne baki ɗaya daga sama. Tambayata, jiya da safe ko shekaranjiya ka taɓa wani abu a Intune? Ka ƙara wata manhajar Office kamar Visio ko Project, ko wani harshe?

Mai tambaya:
Innalillahi. Yaya na ƙara Visio da safe, mutum biyu ne suka nema, na shiga kunshin Office ɗin da na tarar na gyara shi, ban ɗauka zai shafi kowa ba.

Tsohon admin:
To nan ne. Kunshin nan a kan dukkan kwamfutoci aka ɗora shi a matsayin dole, da ka taɓa shi Intune ya ɗauka sabon umarni ne ya bi kowa. Ka buɗe XML ɗin, wato fayil ɗin setin kunshin, ka nemo layin da aka rubuta FORCEAPPSHUTDOWN, ina kyautata zaton zaka ga TRUE a gabansa. Ma'anarsa duk manhajar Office da ta tare hanya a rufe ta da ƙarfi, ko mutum yayi sebin ko bai yi ba. Mutane na sa shi ne lokacin da ake haɗa sababbin kwamfutoci da babu kowa a kansu don kar sakawar ta tsaya, sai a manta shi a haka. Kar ka damu kanka da yawa, babu wanda ya daɗe a aikin nan bai taɓa irin wannan ba, amma daga yau duk abin da mutum biyu suka nema ka yi masa kunshinsa daban ka ɗora a kan rukunin mutum biyun kaɗai.

Mai gyaran laptof:
Ni dai gaskiya ina bayan oganka. Kashe kawai ka huta, ni tawa shekara uku ban bari tayi afdet ba kuma ba abin da ya sameta, duk wani afdet wahala ce kawai yake kawowa.

Malamar tsaron intanet:
Malam kayi haƙuri amma wannan shawarar zata iya jefa shi cikin abin da yafi na jiya muni. Kwamfutarka ɗaya ce kai kaɗai ke amfani da ita, shi kuwa 64 ne kuma kullum saƙonni na shigo musu daga waje da fayilolin Word da Excel a maƙale, sashen albashi ma su aka fi hari. Ka tuna ramin tsaron nan da aka kira Follina a 2022, takardar Word kawai za a turo maka ka buɗe, ba sai ka kunna makro ba, wato ƙananan umarnin da ake sakawa cikin fayil su yi aiki da kansu, a samu hanyar shiga kwamfutarka, kuma afdet ne ya toshe ƙofar. Duk Talata ta biyu a wata Microsoft ke fitar da gyaran tsaro, kuma da zarar sun fitar masu kutse ma sun ga inda ramin yake, wanda bai yi afdet ba shi ake bi.

Amma kuma ban ce afdet baya zuwa da matsala ba, yana zuwa. A Oktoban 2024 Word sigar 2409 ta zo da wata matsala da in sunan fayil yana da alamar # ko an rubuta .DOCX da manyan baƙaƙe sai ya jefa shi kwandon shara bayan anyi sebin wajen rufewa. Ga kuma afdet ɗin CrowdStrike, kamfanin manhajar tsaro, ranar 19 ga Yulin 2024 da Microsoft tace ya shafi kwamfutoci kusan miliyan 8.5, duk da shi ba na Office bane amma darasin ɗaya ne, abu ya tafi wa kowa lokaci guda. Shi yasa ake fara gwadawa a kan kaɗan. Ɗan uwa abin da zaka gaya wa oga shi ne ba kashewa za a yi ba, lokaci za a sa masa, kuma kai zaka riƙe lokacin.

Tsohon admin:
Haka ne 'yar uwa. Bari in ƙara masa yadda zai yi a aikace. Ka duba wace tasha kwamfutocinku suke bi, wato jadawalin da afdet ke zuwa musu a kai, ka buɗe Word ka shiga File sannan Account zaka gani a rubuce. In Current Channel ne to shi ba shi da tsayayyar rana, yana iya zuwa sau biyu sau uku a wata. Ka maida su Monthly Enterprise Channel, sau ɗaya yake zuwa a wata, ranar Talata ta biyun nan, kaga kenan kasan ranar zuwan baƙonka. Akwai kuma tashar Semi-Annual amma ga ma'aikatan da ke zaune kan kwamfuta kullum ni na wata-wata nake zaɓa.

Sai ka shiga config.office.com wajen Cloud Update, a nan zaka iya raba mutane zango-zango, ka sa kanka da mutum huɗu ko biyar a farko, kuma dan Allah kar ka zaɓi 'yan uwanka masu son kwamfuta kawai, ka sa mutum ɗaya daga sashen kuɗi mai amfani da fayilolin nan masu nauyi da makro, don a wajensu matsala ke fara fitowa. Zaka iya ware ranakun da ba za a taɓa kowa ba, ka ware ƙarshen wata. Wa'adi kuma ka bada kwana uku ko sama da haka don mutum ya samu sanarwa ya rufe da kansa. In sigar ta zo da matsala akwai dakatarwa akwai komawa baya, in kwamfuta ɗaya ce ma zaka iya da officec2rclient.exe ka bashi lambar sigar da kake so.

Abu ɗaya da nake so ka kiyaye sosai, ka tabbata mai bada umarni ɗaya ne. Na taɓa gadar wani waje da kayan tura seti uku ke faɗa da juna, tsohon Group Policy na cewa wata tasha, Intune na cewa wata, Configuration Manager ma bai saki ba, sai kwamfutocin suka dinga canza tasha suna sauke Office kamar daga farko, sati biyu nayi kafin na gano.

Wata akanta:
Ni ba 'yar IT bace amma ku bari in faɗi namu ɓangaren. Sanarwar nan da kuke cewa tana fitowa, wallahi in kana bin lambobi layi-layi baka ganinta, ɗan siririn rubutu ne a sama ko a kusurwa, hannu ne kawai ke kai wa ya rufe. Namu ɗan IT ɗin abin da yayi da ya gyara tsakaninmu shi ne ya zo har teburina da biro da takarda ya tambayeni wane ranaku ne bana son a taɓa min kwamfuta, nace daga 25 ga wata zuwa 3 ga sabon wata, ya rubuta. Yanzu kwana biyu kafin afdet yake turo saƙo gajere, ranar kaza ku rufe Excel da Outlook kafin ku tashi ku bar kwamfuta a kunne. Shikenan fa. Kuma ya mayar mana da fayilolinmu OneDrive don AutoSave, mai yin sebin da kansa, ya dinga aiki, da farko nayi ta ƙorafi amma yanzu ko kwamfuta ta mutu bana rasa komai. Ka je ka ba Hajiya haƙuri da bakinka ka gaya mata gaskiyar abin da ya faru, zata fi ganin girmanka.

Ɗan Mac:
In kuna da Mac a ciki ka kula, can labarin daban ne. Kar ka dinga tura cikakken kunshin Office ta Jamf, manhajar sarrafa kwamfutocin Mac, ko Intune duk wata a kan manhajar da ke buɗe, ka bar Microsoft AutoUpdate yayi aikinsa kai dai ka tura masa setin na tasha da wa'adi.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Yaya maganarka ce, TRUE na gani a layin, na gyara, Visio kuma na cire shi na yi masa nasa daban. Kwafin ceton ma mun samu a foldar da ka faɗa, na ƙarfe 11:21 ne, layi tara kawai Hajiya ta sake shigarwa, na bata haƙuri tace ba komai Allah ya kiyaye gaba. Na duba tashar kuma rabinmu na Current rabi na Monthly Enterprise, inaga akwai tsohon setin da ke faɗa da sabo kamar yadda kace, gobe zan bi shi. Oga ya yarda da tsarin wata-wata bayan na nuna masa maganar Malama, sharaɗinsa kawai a sa kwamfutarsa a zangon ƙarshe. Saura tambaya ɗaya, akwai kwamfutoci uku a ɗakin ajiyar takardu da har yanzu Office 2016 ne a kansu, su ma in haɗa su cikin tsarin nan?

Malamar tsaron intanet:
Waɗannan basa shiga, Office 2016 da 2019 tallafinsu ya ƙare tun 14 ga Oktoban 2025, rana ɗaya da Windows 10, babu gyaran tsaron da zai sake zuwa musu. Ka rubuta wa oga a saya musu lasisi, kafin nan kar a buɗe imel a kansu.