Iyalan masu bishara a ƙetare: yaya kuke yi da masu sallama a ƙofa lokacin yunwa?

Maman Godiya:
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwa. Bayan Kirsimeti, in Ubangiji ya yarda, ni da maigida da yaranmu uku za mu tashi zuwa wani ƙauye a jihar Maraɗi, a Nijar. An horar da mu iya gwargwado, amma akwai abin da har yanzu ban samu amsar da ta kwanta mini ba. An ce daga Yuni zuwa Satumba rumbuna kan ƙare, mata su riƙa zuwa gidan malami da ƙwarya. Abin da za a riƙa aiko mana kuwa bai taka kara ya karya ba. In na bayar, yarana fa? In na hana, da wane baki maigida zai yi wa'azin ƙauna? Don Allah waɗanda suka zauna a irin wannan wuri su gaya mini yadda suka yi.

Kakar Yara:
'Yata, sannu da amsa kira. Ni da marigayi maigidana, Baba, mun tsufa a wani ƙauye tsakanin Tasawa da Gazawa, sai in faɗa miki abin da idona ya gani.

Maganin Agusta a Oktoba ake yin sa. Da kaka hatsi yana da araha, kowa na sayarwa don biyan bashi da hidimar aure. Lokacin nan nake sayen na shekara, ko da za mu sha miyar kuka ba man ja har wata biyu. In an kawo sai in raba biyu a gaban Baba: ga buhunan gida, ga buhun ƙofa. Na ƙofa ya yi yadda ya ga dama da shi, na gida kuwa makullin ɗakin yana ɗaure a bakin zanina. Ranar da na ƙofa ya ƙare, ya ƙare, sai in ce wa mai zuwa, "Yau kam sai haƙuri," ta ga kuma ba ƙarya nake ba, don ƙauye ba a ɓoye tukunya.

Amma ki sani, masu zuwa da ƙwarya a bayyane ba su ne suka fi shan wuya ba. Wadda yunwa ta kama da gaske, mai mutunci, ba ta roƙo. Za ta yi sallama da hantsi, ta zauna, ta tambayi yara da gajiya da sanyin damina, ta karɓi taɓarya daga hannunki ta taya ki daka, ta yi bakace. Ƙaramar ƙwaryarta na naɗe cikin mayafi, ba za ta fito da ita ba. In ta ce miki, "Dusar nan kuna da abin yi da ita?" to ba akuya za ta ba ba. Ki zuba mata dusar, ki binne tiya guda ta hatsi a ƙarƙashi, kada ki ce uffan. Wata ma ba za ta zo ba sam. Ita sai ki kasa kunne da safe: gidan da kwana biyu ba a ji ƙarar turmi ba, ko kika ga an jiƙa anza a tukunya ana ta sauya mata ruwa don ɗacin ya fita, ko ganyen jiga kaɗai ake dafawa, to nan ne. Ungozomar gari ce idona, ita ta san cikin kowane gida. Bayan isha'i nake aiken yaro da ƙunshi, ya ce Mama ta ce a ɗanɗana.

Ɗan Malami:
Mama, ina girmama furfurarki, amma bari in yi magana a madadin yaran, tunda ba a cika tambayarmu ba. Ni a filin bishara na tashi. Babanmu mutum ne da ba ya iya cewa a'a. Akwai daminar da sau ɗaya muke ci a rana, ba don ba a aiko da kuɗi ba, sai don an rabar. Yayata ta zauna gida zango guda saboda kuɗin makarantarta ya tafi jinyar ɗan wani. Har ta kai mamanmu tana kai rabin buhu ajiya ɗakin maƙwabciyarmu, matar ladan, don kada Baba ya gani. Matar nan ta riƙe amanar har muka bar garin, tiya ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.

Ban bar bangaskiya ba, kuma ranar jana'izar Baba na ga mutanen da suka taso daga ƙauyen nan a bayan a-kori-kura. Duk da haka ƙanena har yau in ya ji an ce "aikin Ubangiji" sai ya tashi ya fita. Anti, ki zaunar da maigida tun kafin ku hau mota, ku karanta 1 Timoti 5:8 tare. Ku aka kira, yaran biyo ku suka yi.

Kakar Yara:
Ɗana, ba mu saɓa ba. Makullin da na ce yana bakin zanina, don irinku ne.

Fasto daga Madarunfa:
Barkanku da zuwa tun kafin ku iso. Ni ɗan ƙasa ne, kakana a makarantar mishan ta Tsibiri ya yi karatu, don haka ta ɗaya gefen ƙofar zan yi magana.

Kada hatsi ya haɗu da ranar Lahadi. Kada a raba shi a majami'a, kada a ce a tsaya a ji wa'azi kafin a auna, kada a fifita wanda ya fara zuwa sujada. Tun 1924 da mishan ɗin SIM suka sauka Damagaram ake zarginmu da sayen mutane, kuma duk baƙon da ya raba abinci bayan addu'a, mu 'yan gida ya bar wa bayanin shekara goma. Wanda ya zo don tuwo kuwa, in hatsi ya nuna tafiyarsa zai yi. Ubangiji da kansa ya faɗa wa taron da suka bi shi haka a Yohanna 6:26.

A nan Maraɗi mun ga misalin da ba na majami'a ba. Tony Rinaudo, ɗan mishan daga Ostareliya, ya zo da iyalinsa a 1981. Shi ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara itatuwa ne masu rai, in an bar reshe kaɗan aka gyara sai su tashi. Da yunwar 1984 ta zo, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da Janar Buhari ya yi, sai aka riƙa ba da abinci da sharaɗin a bar itatuwa a gona. Mutane suka bari. Ana daina rabon abinci, mafi yawa suka sare. 'Yan kaɗan da suka bar nasu su ne suka ga itacen girki da abincin dabbobi da gona mai kyau, maƙwabta suka kwaikwaya ba wanda ya ba su ko tiya. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da suka farfaɗo, shi kuma an ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Abin da aka yi don buhu ya tafi da buhu. Na bar muku sauran lissafin.

Sai kuma wannan, 'yar'uwa: ki koyi karɓa. In an aiko miki da fura ki sha, ko da ruwan bai yi miki ba ki kurɓa a gaban mai kawowa. Ki je aron gishiri ko da kina da shi. Ki yi biki, ki yi gaisuwar mutuwa, ki shiga adashe. Gidan da kullum bayarwa yake, ba ya karɓa, a wurinmu ofishin agaji ne, kuma ba a jin kunyar cinye na ofishi. A Janairun 2015, ranar da aka ƙona majami'u a Damagaram, washegari kuma a Yamai, 'yan'uwa da yawa a ɗakunan maƙwabtansu Musulmi suka kwana. Waɗanda na sani a cikinsu ba masu rabon buhu ba ne, mutane ne da aka daɗe ana musayar kwano da su.

Maman Godiya:
Na gode Baba Fasto. Tiya ɗin nan da kowa ke faɗa, kamar mudunmu take? Kuma buhu nawa zan ware wa ƙofa?

Fasto daga Madarunfa:
Ta fi mudu, wajen kilo biyu da rabi ce, 40 ke cika buhu mai kilo 100. Ki kuma koyi ƙirgen kasuwa kafin a yi miki dariya: da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5, jika kuwa sefa 1,000. Na ƙofa, shekarar farko kada ya wuce buhu ɗaya. Abin da kika fara da shi, shi za a sa ran gani baɗi.

Sista Nas:
Na yi aikin jinya a yankin Tawa, kusa da Galmi, inda asibitin mishan yake tun 1950. Ina so in raba miki abu biyu da kan yi kama da juna a ƙofa: mai jin yunwa da yaro mai tamowa. Yaron da gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa suka kumbura, ki danna da yatsa wurin ya lotsa bai dawo ba, ba tuwo yake bukata ba. Ba ya ma iya ci. Ki nemi tef ɗin awon damtse a likitar da ke kusa da ku, su koya miki. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ranar za a tafi da shi. Maganin tamowa na 'yan leda kyauta ake ba da shi. A yunwar 2005, bayan fari da fara, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, mafi yawansu a jihar da za ku je, kuma Maraɗi ba wurin da ba a noma ba ne. Watannin yunwa su ne kuma watannin zazzaɓin cizon sauro, su biyun tare suke kashe yara. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata suka zo da damina, ki fara fito da naki yaran, matan gari suna kallo.

A ganina babur ɗin maigida ya fi buhu amfani. Abin da ke hana uwa zuwa likita sau da yawa kuɗin hanya ne da izinin miji, mijin kuwa yana cin rani a Kano ko Agadas ko Libiya. In malami ya je wurin surukinta ya yi magana, ya ɗauke su, an gama. Ki ware kuɗin mai kamar yadda Mama ta ware buhu.

Malam na Gera:
Mu Chadi muke, wajen Mongo, can da koro ake awo. Abu ɗaya zan ƙara: kada ku ba da rance da hannunku. Wanda muka gada, bawan Allah, ya riƙa ba da dawa bashi a biya da kaka. Da kaka ta zo ba a yi albarka ba, sai mutane suka riƙa sauya hanya in sun hango shi, har waɗanda da suke zuwa hira. Mun iske littafin bashin a cikin akwati, muka je wurin maigari muka ce an yafe. Yanzu akwai rumbun gari, mu ma mun zuba namu kason kamar kowa, kwamitin mata ke riƙe da makulli. Su sun san wadda za ta iya biya da wadda za a kau da kai. Ba ya tafiya sumul, bara ma sai da aka yi rigima kan awo, amma rigimar ba a ƙofarmu aka yi ta ba.

Ɗan Malami:
Ina ma Baba ya ji wannan.

Kakar Yara:
Da ya ji ma da wuya ya bi, na san irinsu, ɗaya na aura. Rumbun gari yana da kyau Malam, sai dai gwauruwar da ba ta da mai tsaya mata a kwamiti, ita fa har abada ta ƙofar baya za ta zo. Kada a ce don an kafa rumbu an rufe buhun ƙofa.

Dattijo Ma'aji:
Ni ban taɓa zama a fili ba, ina cikin masu aikawa, a wata ikilisiya a kudancin Kaduna. Na karanta duka, jikina ya yi sanyi. Mu a nan lissafinmu da naira muke yi, su kuwa da sefa suke sayen hatsi. Wajen 2014 jika ɗaya ba ta kai naira 400 ba, a 2024 ta haura naira 2,000. Wato iyalin da ba a ƙara musu komai ba, an rage musu abinci ninki biyar ba tare da wani ya yanke shawarar haka ba. Ga kuma rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya kai har Maris 2024, lokacin da aika saƙo ma sai da dabara. Tun 1948 da aka kafa EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta ECWA, da baikon manoma da kwandon Zumuntar Mata ake riƙe masu bishara, ba wai ba mu da zuciyar bayarwa ba ne. Kalandarmu ce ba ta san kaka ba: muna aikawa wata-wata daidai wa daida, ranar godiyar mishan kuma sai ta faɗo lokacin da hatsi ya riga ya yi tsada.

Zan kai wa dattawa abu uku a zamanmu na wannan wata: a riƙa ƙayyade tallafin da sefa, a haɗa na wata huɗu a aika a farkon Oktoba, kuɗin makarantar yara kuma a biya makarantar kai tsaye kada ya bi ta hannun uban. Maman Godiya, ku da za ku isa a Janairu kaka ta wuce ku. Baba Fasto, in muka turo kuɗin buhu shida yanzu, akwai wanda zai saya ya ajiye musu?

Fasto daga Madarunfa:
Akwai. Ku turo kafin tsakiyar Nuwamba, 'yan kasuwa sun fara kwasa. Biyar hatsi, ɗaya wake, kuma ku ƙara kuɗin buhun PICS mai leda biyu a ciki, in ba haka ba ƙwari za su riga su cin waken.